Ɗan Fari a Shafin Baƙi

Duk Muciya an san Malam Zailani da abu biyu: iya ɗinkin babbar riga, da kunya. Ɗinkin ya ci da shi, ya sha, ya gina gida mai zaure. Kunyar kuwa yabo kawai ta jawo masa shekara da shekaru, har ranar da ta zo karɓar ladanta.

Mutumin birnin Zariya ne gaba da baya. Da ƙuruciya yakan bi fatake ya kai riguna Damagaram, ya sauka gidan yayarsa Safiyatu da ke aure a can. Wata shekara ya tafi da matarsa Fatsuma, damina ta tsare su, ciniki kuma ya yi daɗi, suka zauna. A can ta haifi ɗansu na fari, aka sa masa Shehu. Da aka yaye shi, suka bar wa Safiyatu riƙo, tun da ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma dama ɗan fari ba a cika barinsa gaban iyayensa ba. Suka komo gida. Bayan 'yan shekaru Turawa suka zo suka raba ƙasa a tsakaninsu, Damagaram ta faɗa hannun Faransa, Zazzau ta faɗa hannun Ingilishi. Ba wanda ya tambayi yaron wane ɓangare yake so.

Da jirgin ƙasa ya iso, Zailani ya bar birni ya tare a Muciya, gefen Sabon Gari, domin masu sayen riga yanzu daga tasha suke fitowa. A nan yake zaune lokacin da babbar yunwa ta ci arewa, ta tafi da Safiyatu. Wata rana da hantsi yana ɗinki a zaure, sai wani dogon saurayi ya yi sallama, ƙafafunsa duk faso, ya durƙusa. Zailani ya ɗaga ido ya ga fuskar nasa mahaifin marigayi sak. Shehu ne. Ya so ya tashi ya rungume shi, wannan gaskiya ne, ya so ƙwarai. Amma akwai mutane a zauren. Ya mai da ido kan allura ya ce, "Sannu da hanya. A kai shi ciki ya sha ruwa."

Iyakar maraba ke nan bayan shekara ashirin. Fatsuma ma da ta hango shi ta ja mayafi ta shige ɗaki, ta yi kukanta a can, ta aiko masa da fura ta hannun maƙwabciya.

Kada a ce ba sa son sa. Zailani ya ba shi gonarsa ta wajen Samaru, wadda ta fi kowace kyau, ya gina masa ɗaki a can, ya nema masa auren Rahamatu, 'yar gidan mutunci. Sai dai sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. In zai ambace shi ya ce "mai gona", ko "mutumin Damagaram", ko kawai "wancan". Kowa na kunyar ɗan fari, amma mutane kan sassauta in yaro ya girma. Zailani shi ya wuce gona da iri, dattawa kuma suka riƙa zuga shi. Sukan ce, "Ka ga mutanen da. Yanzu ina ake samun irinsu?" Shi kuma ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, alhali yana jin daɗin abin har ƙasan ransa.

A shekara ta uku da fara yaƙin Jamus, lokacin tsinkar auduga, aka ce za a yi sabuwar ƙidayar haraji. Mai unguwa Tanimu ya bi gida gida yana bayani. Ɗan ƙasa zai ci gaba da biya ta hannun mai unguwa kamar kullum. Baƙo kuwa, ko daga Ikko ya zo ko daga Gwanja, a ofishin Bature zai biya, nasa ya fi yawa, kuma a ba shi takarda ya riƙe. Mutanen ƙasar Faransa an ware musu shafinsu daban a ƙarshen littafi. Mutane suka saurara, suka yi tsaki, suka koma harkokinsu.

Wanda ya zo da littafin wani akawu ne mutumin Saliyo, ana ce masa Mista Bernard. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Shi kansa baƙo ne, harajin baƙi yake biya, abin da ya rage na albashi ya aika wa matarsa can bakin teku. Hausarsa ta kasuwa ce, ya iya tambaya ya iya jin amsa, amma abin da ke ƙarƙashin amsa bai san akwai shi ba. Ya iso zauren Zailani da safe, mai unguwa na gabansa. Dattawan da ke zuwa hira su biyar suna nan, Shehu kuma ya shigo da buhun auduga daga gona, ya ajiye ya raɓe daga bakin ƙofa.

Bernard ya zauna kan kujerar da aka ba shi, ya buɗe littafi bisa gwiwa. "Baba, 'ya'yanka maza nawa, waɗanda sun isa biya?"

"Biyu," in ji Zailani. "Haladu da Ɗanlami."

Akawu ya rubuta. Ya nuna Shehu da gindin alƙalami. "Wannan fa?"

"Mutumin Damagaram ne."

"Ɗanka ne?"

Tambaya ce da ɗan gari ba zai yi ba, sai baƙo. Wani daga cikin dattawan ya yi murmushi yana jiran ya ga yadda Malam zai fita. Zailani ya ji idanunsu a kansa, ya ja zare, ya cije shi, sannan ya ce a hankali, "Ɗan Safiyatu ne, yayata. Ita ta riƙe shi."

Dattawa suka gyaɗa kai. An amsa yadda ya kamata.

Bernard ya juya ga Shehu. Ina aka haife shi? Damagaram. Yaushe ya zo? Shekara uku ke nan. Sunan ubansa? Nan Shehu ya yi shiru, domin shi ma ba zai kama sunan mahaifinsa ba, ga shi zaune a gabansa. Ya dubi ƙasa ya ce, da irin maganarsu ta can, "A rubuta Shehu na Sahiyatu."

Akawun mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya ce mai unguwa ya leƙa ya tambayi uwargida ita ma. Tanimu ya tsaya daga bakin zana ya tambaya, murya ta fito daga ciki ƙasa ƙasa ta ce biyu. Ya dawo yana dariya. Ya san gaskiya sarai, da ya buɗe baki da magana ta ƙare a nan, amma ga gida arba'in na jiransa, kuma a ganinsa duk takarda ce. Bernard ya juya littafin zuwa ƙarshe, ya yi rubutu a wani shafi mai jan layi, ya busa tawada, ya tashi.

Bayan wata guda masinja ya kai wa Shehu takarda har gona. Sule goma zai biya a ofis, alhali ƙannensa shida shida suka biya. Ya je ya bi layi da Yarabawa da mutanen Gwanja, ya biya, ya naɗe takardarsa ya sa a hula. Bai ce wa kowa komai ba. Rahamatu ce ta faɗa wa Fatsuma.

Fatsuma ta sami mijinta yana karin kumallo. Ta ce, "Malam, takardan nan da aka ba mai gona. Hankalina bai kwanta ba. Da ka je ka gyara ma shi."

"In je in ce me?"

"Ka ce abin da ke akwai."

"A gaban akawu da masinjoji da duk 'yan tasha? Ke da aka tambaye ki me kika ce?"

Ta ɗauki kwano ta fita. Shi kuwa ya ƙulle sule huɗu a tsumma, ya cusa cikin goron da zai aika wa Rahamatu. A lissafinsa an cuci yaro sule huɗu, ya mayar masa, magana ta mutu. Mutum mai hankali ne a komai, amma a nan tunaninsa bai wuce sule huɗun ba.

Bazara ta kama, ana sharar gona, sai labari ya fara yawo a kasuwar Sabon Gari. Faransa na neman mutanenta. Yaƙi ya cinye mata sojoji, samarin ƙasarta kuma sun yi ta tsallakowa kudu don gudun haraji da gudun soja, ta roƙi abokan yaƙinta su mayar mata da su. Aka yi ta cewa ai ba za a iya ba, wa zai tsaya tantance Bahaushen can da na nan? An manta cewa mutane da kansu sun je sun bi layi sun biya, an ba su takarda. 'Yan sanda ba su sha wahalar neman kowa ba. Littafin haraji suka ɗauka, suka buɗe shafin ƙarshe, suka bi suna ɗaya ɗaya.

Ranar Litinin da azahar Rahamatu ta faɗo zauren Zailani ba sallama. Tana da ciki wata shida, ta taho da ƙafa tun daga Samaru, zaninta ya jiƙe da gumi. Ta durƙusa tana haki. "Baba, sun tafi da shi. Yana cikin gona suka zo su uku, suka karanta sunan shi. Ko fartanya ba su bari ya kai gida ba."

Zailani ya san abin da ake yi da waɗanda aka mayar. Ana sa musu kaki, a tura su bakin teku, a zuba su a jirgin ruwa. Fataken da ke zuwa daga arewa sun ce a garinsu an ɗebi ashirin, shekara biyu ke nan, ɗaya ne ya dawo, shi ma ba hannu. Ya ajiye rigar da yake ɗinki ya miƙe. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsantsa, irin wanda bai taɓa ji ba tun da yake.

An tara waɗanda aka kama a wani fili mai shingen waya kusa da tasha, su talatin da huɗu. Ba a bar Zailani ya matsa kusa ba. Aka ce mai magana ya zo ofis gobe da safe.

Washegari ya je da mai unguwa Tanimu da limamin unguwa. Baturen haraji na zaune a baranda bayan tebur, saurayi ne, zazzaɓi ya mai da idonsa rawaya. Bernard na tsaye a gefensa yana tafinta. Filin gaban ofis cike yake da jama'a, har da 'yan kallo da masu tallar ƙosai. Aka fito da Shehu aka tsayar da shi a rana.

Bernard ya ce, "Baba, Bature ya ce mene ne tsakaninka da wannan mutum?"

Zailani ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Shekara ashirin da biyar yana danne ta, ta saba da zama a ciki. "Ɗana ne."

"Ka ɗaga murya."

"Ɗana ne. Ni na haife shi. Shi ne na fari."

"Sunansa?"

"Shehu."

Bai dubi inda yaron yake ba, amma ya ji sa'ad da Shehu ya ja numfashi. Liman ya sunkuyar da kai kamar an tuɓe wani a gabansa.

Bature ya saurari fassara, ya murza ido, ya yi magana doguwa. Bernard ya ce, "Ya ce kai ne uba na goma sha ɗaya tun jiya. Kowa ya zo ya ce ɗansa ne. Ya ce ga littafi, kai ka ce biyu, ni na rubuta biyu. Na tambaye ka ko ɗanka ne, ka ce ɗan yayarka. Ya ce wanne ne ƙarya, na da ko na yau?"

"Ba ƙarya a ciki. Kunya ce. Mu ba ma faɗa."

"Ba ku faɗin me?"

"Ɗan fari. Ba a faɗa."

Bernard ya juya wannan da Turanci iyakar iyawarsa. Bature ya ce a kawo shaidu, a ba su Alƙur'ani. Tanimu ya fara dafawa. Yana nan aka haifi wannan mutum? A'a, a Damagaram aka haife shi. Ya taɓa jin Zailani ya kira shi ɗansa? Hannun Tanimu na kan Alƙur'ani. Ya ce bai taɓa ji ba. Ya taɓa jin ya kama sunansa? Bai taɓa ba. Uwar fa? Ita ma haka.

"Amma kowa ya sani, ranka ya daɗe," in ji shi. "Duk Muciya an sani."

"Ya ce da me kuka sani?"

"To, ai da haka. Ba ya kiran sunan shi, ba ya cin abinci da shi, in ya shigo ba ya duban shi. Wa za ka yi ma haka in ba ɗanka ba?"

Jama'ar da ke filin suka yi gunagunin yarda, domin a wurinsu babu hujjar da ta fi wannan. Bernard ya fassara. Bature ya dube shi, ya sa ya maimaita, sannan ya yi 'yar dariya ta gajiya ya ajiye alƙalami. Liman ma da aka rantsar da shi abin da ya faɗa ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ana cikin haka mutane suka dare. Fatsuma ce, wadda rabonta da fita da rana tun ranar da suka tare a Muciya. Ta zo har gaban baranda, ta sauke mayafi daga fuskarta. Kowa ya ji muryarta. "Ni na haife shi. Ranar Lahadi, cikin damina, a ɗakin Safiyatu. Kwana biyu ina naƙuda. Yana da tabon ƙuna a cinyar hagu, ni na yi sakaci ya faɗa murhu yana rarrafe. A duba."

Bature bai sa an duba ba. Ya ce duk wadda ta zauna gida ɗaya da mutum tana iya sanin tabonsa. Ya nuna wani wuri a littafin, Bernard ya karanta ba tare da ya ɗago ba: an tambayi uwargida, ta ce biyu.

Hukuncin bai yi kama da mugunta ba, shi ya sa ya fi ciwo. Bature ya ce a kai maganar gaban alƙali a birni. In alƙali ya tabbatar a rubuce, za a gyara littafi, a mai da mutumin shafin 'yan ƙasa. Sai dai an riga an aika wa Faransawa cewa mutum talatin da huɗu ne, jirgin Kano kuma ranar Alhamis zai tashi, daga can a taka da su zuwa iyaka. In takarda ta iso kafin nan, to. In ba ta iso ba, talatin da huɗu aka ce, talatin da huɗu za a kai.

Zailani bai koma gida ba, birni ya nufa da ƙafa. Alƙali ya san shi, ya san ubansa. Kafin ya gama bayani alƙalin ya gane komai, ya dafa kai ya yi salati. A ranar ya kira tsofaffin fatake biyu da suka ci naman sunan Shehu a Damagaram, suka ba da shaida, aka rubuta, aka buga hatimi. Zailani ya miƙa hannu zai karɓa, aka ce ba haka ake yi ba. Takardar alƙali ba ta zuwa Sabon Gari kai tsaye. Sai ta bi ta wani ofis a juya ta daga ajami zuwa boko, ta bi ta wani a sa hannu, sannan masinja ya kai. Ranar Laraba ya wuni a ƙofar ofis na farko. Aka ce mai juya takardun ya tafi jana'iza, a dawo gobe.

Ranar Alhamis da hantsi aka fito da su biyu biyu, aka nufi tasha. Taragon shanu aka ba su, mai ƙyaure da tagar ƙarfe. Mata na kuka a bakin dandamali, 'yan sanda na kora su baya da kulki. Zailani ya kutsa har jikin taragon. Bernard na nan da littafi yana kiran suna, ya gan shi, ya yi wa ɗan sanda alama ya ƙyale shi.

Shehu ya leƙo ta tagar. Karo na farko ke nan da suka dubi juna ido cikin ido. Zailani ya ga ashe yaron yana da 'yar furfura a gefen kai tun yanzu, irin ta gidansu, bai taɓa lura ba.

"Baba, irin dawa na cikin rumbu na hagu, na dama na ci ne. Kada a haɗa."

"To."

"Na ji abin da ka hwaɗa ranar Talata."

Zailani ya dafa jikin taragon.

"Dama na sani, ban taɓa shakka ba. Inna Sahiyatu ta gaya mini tun ina ƙarami, ta ce haka ake yi. Sai dai na so in ji, ko sau ɗaya, ba a gaban Bature ba. In Rahamatu ta sauka, kada a ba kowa riƙo. A bar mata abinta. Kuma ta riƙa kiran sunan, kada a hana ta."

"Ba mai hana ta."

Jirgi ya yi kuka, taragon ya girgiza. Zailani yana da magana cike da ciki, ta shekara ashirin da biyar, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya tsare." Ya bi taragon da sauri har ƙarshen dandamali, sannan ya tsaya, domin daga nan sai tsakuwa.

Takardar alƙali ta iso bayan kwana goma sha ɗaya. Aka ce an rubuta wa Faransawa, aka ce ana jiran amsa. Wani bafatake ya ce ya ga an wuce da su Damagaram. Wani ya ce a'a, yamma aka yi da su. Rahamatu ta haifi namiji da farkon damina, aka sa masa Ilyasu, tana kiransa da sunansa tun daga tsakar gida har a ji a zaure. Tsofaffin mata suka yi ta taɓe baki, ba wadda ta iya faɗa a gaban Malam. Dattawan hira kuwa suka rage zuwa. Ba su san abin da za su ce masa ba, shi ma ba ya son ganinsu. An daina yaƙi, aka yi ta buga ganguna a Sabon Gari, sojojin wannan ɓangaren suka fara dawowa. Daga wancan ɓangaren ba abin da ya zo.

Da auduga ta sake nuna, Bernard ya dawo zauren da littafinsa, wannan karon shi kaɗai. Ya rame. Ya ƙi zama kan kujera, ya tsuguna a bakin tabarma kamar ɗan gari, ya buɗe littafin ya juya shi wajen Zailani, ko da yake ya san ba ya karanta boko.

"Baba, an gyara. Ga shi nan. An cire shi daga shafin baƙi, an sa shi ƙarƙashin gidanka. Shehu ɗan Zailani. Amma yanzu gidanka maza huɗu ne da kai, ba uku ba. Mai unguwa zai nemi na mutum huɗu."

Zailani ya dubi layin da yatsan akawu ke kai.

Bernard ya rage murya. "Akwai hanya. In mutum ya bar ƙasa, ko ya rasu, ina iya jan layi a kan sunan. Ba wanda zai tambaya. Kai ka ce kawai ba ya nan, ni in soke. Bai kamata ka biya ba, Baba. Ni ma abin yana damuna."

"In ka soke, me zai rage a littafin?"

"Biyu. Kamar da."

Daga cikin gida ana jin Rahamatu tana rarrashin ɗanta. Zailani ya sa hannu ya rufe littafin a hankali, ya tura wa akawu.

"Bar shi yadda yake. Ka gaya ma mai unguwa ya zo ya karɓa."

Ya biya a shekarar, ya biya a ta gaba. Idonsa ya raunana, ɗinki ya gagara, Haladu da Ɗanlami suka karɓi gidan, suka yi ta roƙonsa ya bari a soke, ya ƙi. Akawu uku aka canza bayan Bernard. Kowane sabo in ya zo zauren yakan buɗe littafi ya tambayi tsohon 'ya'yansa maza nawa, shi kuma ya ce uku, ya fara da Shehu. In aka ce ina yake, sai ya ce ya yi tafiya, a rubuta shi.